Tarihin Gargaɗin Hadari a Tafkin Mishigan

Tafkin Mishigan ɗaya ne daga cikin manyan tafkuna biyar na Arewacin Amurka, tare da Superior da Huron da Erie da Ontario. Su biyar ɗin ke riƙe da kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan daɗin da ke kwance a doron ƙasa. Mishigan kaɗai ne ke cikin ƙasar Amurka ɗungurungum, sauran huɗun kuwa raba su take yi da Kanada. Tsawonsa daga arewa zuwa kudu kilomita 494 ne, faɗinsa ya kai kilomita 190, zurfinsa kuma mita 281 a inda ya fi zurfi. Filin da ya mamaye ya kusa murabba'in kilomita 58,000, wato ya ninka Tafkin Chadi na shekarun 1960, lokacin da yake cike, fiye da sau biyu. Jihohi huɗu ne suka kewaye shi: Mishigan da Wiskonsin da Ilinoi da Indiyana. Wanda ya tsaya a gaɓarsa ta Shikago ba ya hango ɗaya gaɓar.

A watannin zafi, gidajen rediyo da talabijin na garuruwan bakin tafkin sukan haɗa abubuwa uku a rahoton yanayi na safe: ko ruwa na shiguwa ga masu ninƙaya, ko ana tsammanin hadari mai ɓarna, da kuma yawan ƙurar furen da ke yawo a iska. Mutanen wurin sun saba da jin su a jere, amma ba lokaci ɗaya suka shigo rahoton ba. Gargaɗin farko don jiragen ruwa da kayan da suka ɗauko aka ƙirƙire shi. Mai wanka a bakin gaɓa sai da ya jira fiye da shekara ɗari kafin a waiwaye shi.

Jirgin Turawa mai filafilai na farko da ya ratsa tafkin shi ne Le Griffon, wanda wani Bafaranshe mai suna La Salle ya sa aka ƙera. A watan Satumba na 1679 ya tashi daga mashigin Green Bay ɗauke da fatun dabbobi da mutum shida, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Zirga-zirga ta gaske ta kankama ne bayan buɗe mashigin ruwa na Erie a 1825, wanda ya haɗa tafkunan da birnin New York. Alkama da masara suka riƙa fita daga Shikago da Milwoki zuwa gabas, katako na gangarowa daga dazuzzukan arewa, baƙi na kwararowa daga Turai. Matuƙan wancan zamanin ba su da abin dogaro sai idonsu, da ma'aunin matsin iska ga wanda ya mallaka. Siffar tafkin ma ba ta taimaka musu ba. Gaɓoɓinsa miƙaƙƙu ne, babu tsibirai ko lunguna a rabinsa na kudu da jirgi zai fake, don haka idan iskar arewa ta taso sai ta yi tafiyar kusan kilomita 500 a kan ruwa ba abin da ya tare ta.

Daren 8 ga Satumba 1860 ya nuna abin da hakan ke haifarwa. Jirgin fasinja mai suna Lady Elgin ya baro Shikago zai koma Milwoki, yawancin mutanen ciki 'yan asalin Ayalan ne mazauna Milwoki da suka je yawon yini ɗaya. Cikin duhu da iska mai ƙarfi, wani jirgin dakon katako mai suna Augusta ya soke shi a haƙarƙari. Kafin a yi nisa ya dare ya nutse. Kimanin mutum 300 suka rasu. Da yawa daga cikinsu ba a tsakiyar tafki suka mutu ba. Sun kwana maƙale da ɓaraguzan jirgi, iska ta kora su har kusa da gaɓar Winnetka, gari ya waye jama'a na tsaye a kan tudu suna kallonsu, sannan raƙuman ruwan da ke fashewa a bakin gaɓa suka kwaɓe su suka mayar da su ciki. Wani ɗalibi daga Evanston mai suna Edward Spencer ya ɗaura igiya a ƙugu ya yi ta shiga yana fita, aka lasafta masa ceton mutum 17, kuma bai sake samun cikakkiyar lafiya ba. Waɗannan 'yan mitocin na ƙarshe kafin tudu su ne har gobe suka fi cin rai a tafkin.

Mutumin da ya mayar da irin wannan asara hujjar kafa hukuma shi ne Increase Lapham, wani masanin tsirrai da duwatsu mazaunin Milwoki, wanda ya koyar da kansa yawancin abin da ya sani. Ya daɗe yana lura cewa manyan guguwowi daga yamma suke tasowa su nufi gabas, kuma saƙon wayar tangaraho ya fi kowace iska sauri. Idan har wani a can yamma zai buga waya ya ce ga abin da ke tafe, jirgin da ke shirin barin tasha zai samu awanni na yanke shawara. Cibiyar Smithsonian ta fara tattara rahoton yanayi ta waya tun 1849, amma yaƙin basasar Amurka ya wargaza tsarin. A ƙarshen 1869 Lapham ya aika wa ɗan majalisar tarayya na Milwoki, Halbert Paine, takardar koke haɗe da lissafin ɓarnar da aka yi a manyan tafkunan. A 1868 jirage 1,164 ne suka lalace ko suka nutse, mutum 321 suka mutu. A 1869 jiragen sun kai 1,914, mamata 209, dukiyar da ta salwanta kuma ta haura dala miliyan huɗu. Paine ya kai maganar majalisa, Shugaba Ulysses Grant ya sa hannu a ranar 9 ga Fabrairu 1870. Aka damƙa aikin ga sashen aika saƙonni na rundunar soja, ƙarƙashin Janar Albert Myer, bisa tunanin cewa soja ne zai duba ma'auni a kan lokaci ko yana so ko ba ya so.

A ranar 1 ga Nuwamba 1870 tashoshi 24 suka auna yanayi a lokaci guda suka aika Washington. Mako ɗaya bayan haka, ranar 8 ga wata, Lapham da kansa ya fitar da gargaɗin hadari na farko daga Shikago. Ya ba da labarin iska mai ƙarfi da aka gani a Cheyenne da Omaha, ya ce matsin iska na sauka a garuruwan tafkuna, don haka a sa ran iska mai ƙarfi a kan ruwa. Daga wannan ɗan saƙo hukumar hasashen yanayi ta Amurka ta samo asali. Ta koma hannun farar hula ƙarƙashin ma'aikatar gona a 1891, ta koma ma'aikatar kasuwanci a 1940, aka sake mata suna da tsari a 1970. Shi kuwa Lapham a 1875 ya rasu, zuciyarsa ta buga yana cikin kwale-kwale a wani ƙaramin tafki na Wiskonsin.

Gargaɗi ba ya da amfani sai ya isa ga mai jirgi. Daga 1871 aka fara ɗaga jar tuta mai baƙin murabba'i a tsakiya a tashoshin jiragen ruwa, da dare kuma a kunna jar fitila. Wannan al'ada ta daɗe, sai a 1989 hukumar ta daina kula da ita, bayan rediyo ya riga ya karɓe aikin. A gefe guda gwamnati ta kafa tashoshin ceto a gaɓar tafkunan tun daga 1876, inda ake ajiye kwale-kwale mai ƙarfi da 'yar igwa mai harba igiya zuwa jirgin da ya maƙale. Tashar Evanston, kusa da inda Lady Elgin ta halaka, ɗaliban Jami'ar Northwestern ne suka riƙe ta har zuwa 1916. A ƙarshen Nuwamba 1889, cikin sanyin da ke daskarar da ruwa a jikin tufafi, suka kwaso duka mutum 18 na jirgin Calumet da ransu. A 1915 aka haɗe hukumar ceton da wata hukumar aka samar da rundunar tsaron gaɓar ruwa ta Amurka.

Duk da haka watan Nuwamba bai daina cin jirage ba. Shi ne watan da iskar sanyi daga Kanada ke haɗuwa da ruwan da bai gama hucewa ba, kuma shi ne watan da kamfanoni ke matsa wa matuƙa su ƙara sawu ɗaya kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Tsakanin 7 da 10 ga Nuwamba 1913 guguwa ta nutsar da jirage 12 da duk mutanen cikinsu, yawanci a Tafkin Huron, mamata suka haura 250. An ɗaga tutoci, amma iskar ta ɗan lafa a tsakiya, matuƙa da dama suka ɗauka ta wuce suka fita. A ranar 11 ga Nuwamba 1940 gari ya waye da ɗumi, kafin dare sanyi da iska suka rufto, ma'aikatan jirgi 66 suka mutu a Tafkin Mishigan. Manyan jirage uku suka halaka kusa da Pentwater, kuma masunta ne a cikin ƙaramin jirginsu suka je suka kwaso waɗanda suka rage a ɗaya daga ciki, Novadoc. A lokacin ofishin Shikago ne ke yi wa yanki mai faɗi hasashe, kuma ba ya aiki dare da rana. Bayan wannan masifa aka mayar da aikin na awa 24, aka kuma rarraba shi ga ofisoshi da dama. A 1958 jirgin Carl D. Bradley ya karye biyu a arewacin tafkin, mutum biyu kacal suka tsira cikin 35. A 1975 Edmund Fitzgerald ya nutse a Tafkin Superior da mutum 29. Tun daga nan babu wani babban jirgin dakon kaya da ya sake nutsewa da mutanensa a manyan tafkunan. Ta fuskar abin da Lapham ya nema, buƙata ta biya.

Hadarin watannin zafi kuwa wata matsala ce daban. Guguwar Nuwamba faɗinta ɗaruruwan kilomita ne, kuma tana yin kwanaki a hanya, don haka tashoshin da ke warwatse suna iya bin sawunta. Hadari mai tsawa yana iya haɗuwa, ya yi ɓarna, ya watse cikin awa ɗaya a tsakanin tasha da tasha. Hukumar ta daɗe tana kauce wa maganar. Daga ƙarshen shekarun 1880 aka hana ma'aikatanta ambaton guguwa mai juyawa a cikin hasashe, wai don kada jama'a su firgita, kuma sai a 1950 aka ɗage haramcin gaba ɗaya. Ilimin da ya sauya lamarin yana da alaƙa da bakin wannan tafki. Horace Byers na Jami'ar Shikago ne ya jagoranci binciken 1946 da 1947, inda aka riƙa tura jiragen saman yaƙi su ratsa cikin hadari a Florida da Ohio suna aune-aune, har aka gano yadda hadari ke tasowa, ya balaga, ya mutu. A jami'ar ne kuma Tetsuya Fujita, ɗan asalin Japan, ya fitar da ma'aunin ƙarfin guguwa a 1971, daga baya ya nuna cewa iska na iya rikitowa daga cikin hadari ta daki ƙasa ta bazu da ƙarfin da zai kayar da jirgin sama.

An kafa sashe na musamman na hasashen hadari mai ɓarna a 1952, wanda yanzu ke garin Norman a jihar Oklahoma. Bayan guguwowin 11 ga Afrilu 1965, da suka kashe fiye da mutum 250 a jihohin wannan yanki, aka bambanta sanarwa iri biyu: ta a zauna cikin shiri domin yanayi na iya haifar da hadari, da ta a nemi mafaka domin ga shi nan ya iso. A 1990 wata guguwa ta kashe mutum 29 a Plainfield, kudu maso yammacin Shikago, ba tare da an yi gargaɗinta ba, ana gab da fara girka sababbin na'urorin rada masu ganin motsin iska a cikin gajimare. A ƙa'idar yau, hadari na shiga sahun masu ɓarna idan iskarsa ta kai kilomita 93 a awa, ko ƙanƙarar da yake zubarwa ta kai santimita biyu da rabi, ko ya haifi guguwa mai juyawa. Tun 2014 ake kasa barazanar kowace rana zuwa mataki biyar.

Kafin masu ninƙaya su cika gaɓar, masu atishawa ne suka fara zuwa tafkin neman sauƙi. A 1873 wani likita a Manchester ta Ingila, Charles Blackley, ya tabbatar da cewa ƙurar fure ce ke haddasa murar da ke kama wasu mutane kowace shekara a lokaci guda, da ƙaiƙayin ido da toshewar ƙirji. A Amurka babbar mai laifin wata ciyawa ce da ake kira ragweed, wadda ke sakin ƙurarta daga tsakiyar Agusta zuwa Satumba, kuma ta fi son ƙasar da aka tone: gefen gona, bakin layin dogo, kangon fili. Masu hali na Shikago da Detroit sai suka riƙa hawa jirgin ƙasa ko na ruwa zuwa arewacin Mishigan, garin Petoskey da tsibirin Mackinac, inda iskar da ta ratso ruwa take zuwa a wanke. A 1882 har ƙungiya suka kafa a Petoskey, otal-otal kuma suka yi kasuwa da su. Sai dai saran daji da noma da layin dogon da ya kawo baƙin sun buɗe wa ciyawar hanya ita ma ta bi su.

Ƙidayar ƙurar a kullum ta samo tushe ne daga aikin Oren Durham, masanin tsirrai a kamfanin magunguna na Abbott da ke arewacin Shikago. Daga 1929 ya shawo kan ma'aikatan hukumar yanayi a garuruwa da dama su riƙa ajiye masa ɗan gilashi da aka shafa wa mai a kan rufin ofis. Bayan awa 24 a ɗauke, a aika masa, ya ƙirga ƙwayoyin da suka manne a ƙarƙashin madubin likita. Da haka aka zana taswirar inda ƙurar ta fi yawa da inda mai ciwon zai samu sararawa. Yanzu na'urori masu zuƙar iska ke aikin, ana ba da adadin a kan kowace kubik mita ta iska, kuma asibitoci da ƙungiyar likitocin wannan fanni ne ke ƙidayar, ba hukumar yanayi ba. Wani bincike da aka wallafa a 2011 ya nuna cewa tsakanin 1995 da 2009 lokacin ƙurar ragweed ya ƙaru da kwana 13 zuwa 27 a yankunan arewa, saboda sanyin da ke kashe ciyawar yana makara. Tsohuwar mafakar Petoskey na cikin waɗannan yankuna.

Wanka a tafkin don nishaɗi bai zama al'adar gama-gari da wuri ba, domin ƙazantar Shikago da ta mahautanta cikin tafkin take zuba. An buɗe wurin wanka na jama'a na farko a Lincoln Park a 1895. A 1900 injiniyoyi suka juya akalar Kogin Shikago, ya daina zuba cikin tafki ya koma gangarawa wajen Kogin Misisipi, ruwan gaɓa ya fara tsabta. Mota da hutun ƙarshen mako suka ƙarasa sauran aikin. Ba kowa aka bari ya shiga inda yake so ba. A ranar 27 ga Yuli 1919 wani yaro baƙar fata ɗan shekara 17, Eugene Williams, ruwa ya kora shi da abokansa zuwa ɓangaren da fararen fata suka ɗauka nasu ne, wani ya yi ta jifansu da duwatsu, ruwa ya ci yaron. Tarzomar da ta biyo baya ta kashe mutum 38. Wariyar da ta hana zuriyoyi da dama wurin koyon iyo ta bar tabo a alƙaluman nutsewa na ƙasar har yau.

Da jama'a suka yawaita a gaɓa sai wani haɗarin da matuƙan manyan jirage ba su damu da shi ba ya bayyana. Ranar 4 ga Yuli 1929, ranar bikin 'yancin kai, hadari ya wuce ta garin Grand Haven na jihar Mishigan, sai ga wani tudun ruwa ya haye katangar da ta shiga cikin tafki ya share mutane, goma suka mutu. A watan Yuli na 1938 irin haka ta ci mutum biyar a garin Holland na wannan jiha. Wanda aka fi nazari a kai shi ne na Asabar 26 ga Yuni 1954. Da sassafe jerin hadari ya ratsa Shikago ya nufi kudu maso gabas. Gari ya washe, ruwa ya kwanta, masu kamun kifi da ƙugiya suka jeru a kan katangar tashar Montrose. Wajen ƙarfe tara da rabi ruwa ya tashi kimanin mita uku ba iska ba gajimare, ya kwashe su. Mutum takwas suka mutu. A shekarar ce Maurice Ewing da Frank Press da William Donn suka bayyana dalili, George Platzman na Jami'ar Shikago kuma ya tabbatar da shi da lissafi a 1958. Hadarin yana tafe da tsallen matsin iska wanda ke danna fuskar ruwa. Idan saurin hadarin ya yi daidai da saurin da doguwar igiyar ruwa ke tafiya a wannan zurfin, wato kusan kilomita 100 a awa a kudancin tafkin, sai ya yi ta tura ta tana ƙara girma. Igiyar ta 1954 ta daki gaɓar Michigan City a Indiyana, ta yi tsalle ta dawo, ta iso Shikago kimanin awa biyu bayan hadarin da ya haife ta ya wuce. Masana na kiran wannan tsunamin yanayi. Wani bincike na 2016 ya ƙiyasta cewa ana samun fiye da ɗari a shekara a manyan tafkunan, mafi yawansu ƙanana da ba a lura da su.

Abin da ya fi kisa kullum, duk da haka, shi ne jan ruwa. Raƙuman ruwa na tara ruwa a bakin gaɓa, ruwan kuma dole ya koma. Inda ya samu gibi a tudun yashin da ke ƙarƙashi sai ya bi ta nan da gudu kamar rafi, ya nufi ciki. Wanda ya faɗa wannan hanya ba ƙasa ake jan sa ba, nesa da tudu ake kai shi, amma tsoro kan sa ya juyo ya yi ta kokawa da ruwan har ƙarfinsa ya ƙare. Shekaru da dama ana ɗauka wannan abin teku ne kawai. Tafkin yana da nasa ƙarin sharrin. Igiyoyinsa gajeru ne masu bin juna, duk bayan daƙiƙa uku ko huɗu wata ta doki fuska, ba kamar na teku masu ba da sararin numfashi ba. Ruwan daɗi ba ya ɗaga jiki kamar ruwan gishiri. Iska na iya kore ruwan ɗumi na sama cikin yini ɗaya, mai sanyi na ƙasa ya taso ya sandarar da gaɓoɓi. Sannan kusan kowane garin gaɓa yana da doguwar katanga da aka gina don kare mashigin jirage, ruwan da ke gudu a gefen gaɓa idan ya ci karo da ita sai ya karkata ciki da ƙarfi, a daidai inda samari ke son yin tsalle. Da yake iska ta fi zuwa daga yamma da arewa, gaɓar gabas da ta kudu, wato Mishigan da Indiyana, su suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Ranar da ta fi haɗari kuwa takan zo da kyan gani: rana ta fito bayan hadari ya wuce, ruwan Agusta da ɗumi, igiya ta kai mita ɗaya, yara na murna.

Irin wannan rana ce 4 ga Yuli 2003. Hadari ya ratsa kudancin tafkin da safe, ya wuce, jama'a suka koma ruwa. Cikin 'yan awanni ruwa ya ci mutum bakwai a ɗan gajeren yanki kusa da Warren Dunes a jihar Mishigan. Sai a 2019 masana na Jami'ar Wiskonsin suka nuna cewa ƙaramin tsunamin yanayi ne ya haddasa jan ruwan da ya kwashe su, awanni bayan sama ta washe. A shekarun da suka biyo bayan wannan rana ne ofisoshin hukumar yanayi na yankin suka mayar da hasashen haɗarin ninƙaya aikin kullum a watannin zafi, suna kasa shi mataki uku, suna kuma fitar da sanarwa ta musamman idan igiya ta yi girma. Akwai kundin da ke tattara haɗurran jan ruwa a tafkunan tun daga 2002, kuma mafi yawan abin da ke cikinsa daga Tafkin Mishigan ne. Shawarar da ake bayarwa ta sauya ita ma. Ana koya wa mutane su juya rigingine, su bar ruwa ya ɗauke su har numfashi ya daidaita, sannan su yi iyo a gicciye su fita daga hanyar jan, kuma kada su kusanci katanga da mita 90.

Wata ƙungiyar sa-kai mai suna Great Lakes Surf Rescue Project, wadda ke bin diddigin lamarin, ta lasafta fiye da mutum 1,000 da ruwa ya ci a manyan tafkunan tun daga 2010, kusan rabinsu a Tafkin Mishigan. A 2018 kaɗai sun haura 100. Adadin wasu shekarun ya kai kusan rabin mamatan 1869 da Lapham ya kai wa majalisa, sai dai yanzu babu jirgi ko kayan da za a lasafta kuɗinsu a gefe. A nan tarihin mai jirgi da na mai wanka suka rabu. A ƙarni na 19 gwamnati ta ba matuƙi abu biyu a tare, tuta da kuma mutanen da za su shiga ruwa su ɗauko shi. Mai wanka ya samu hasashe mafi inganci da aka taɓa yi a daidai lokacin da ake janye masu ceto. Birnin Shikago har yanzu yana ajiye masu gadin wanka daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba, da rana kawai. Jihar Mishigan kuwa, mai gaɓar da ta fi haɗari, ta cire su daga wuraren shaƙatawa nata a 1993, ta bar tutoci: kore, rawaya, ja. Tuta ba ta ganin yaron da ya yi shiru a cikin ruwa, kuma baƙon da ya yi tuƙin awa uku da iyalinsa ba ya cika juyawa gida don ya ga jan ƙyalle.

Gyaran da aka yi a 'yan shekarun nan kaɗan-kaɗan ne, kuma kusan kowanne ya biyo bayan matsin lambar iyayen da suka rasa 'ya'ya. A 2022 jihar Mishigan ta ƙara tuta ja biyu a jere, wadda ke nufin an rufe ruwan, wanda ya shiga kuma ana iya cin sa tarar da ta kai dala 500. A shekarar ce kuma jihar Ilinoi ta yi dokar da ta wajabta rataye zoben ceto a katangu da wuraren shiga ruwa na gaɓarta.